Alamomi da taurari a kan fayil: lamarin wani shagon hoto a Nima

Shagon hoton da zan yi bayani a kansa yana Nima ne, cikin Accra. Ɗaki ɗaya ne da baranda, da labulen bango, da injin buga hoto a kusurwa. Mai shagon dattijo ne da ya fara sana'ar tun zamanin fim da ɗakin wanki. Alhaji kowa ke kiransa a layin, ni ma haka zan kira shi. Aikinsa irin na kowane mai hoto ne a zango: ɗaurin aure, suna, walimar saukar Alƙur'ani, rakiyar maniyyata da tarbar alhazai, Maulidin Fadama, Idi, sai hoton fasfo wanda shi ke kawo kuɗin cefane a ranakun da babu biki. Mutum biyu ke taya shi. Akwai ɗan ƙanwarsa, saurayi mai ilimin kwamfuta, wanda ke gyaran hotuna da haɗa albam. Akwai kuma yaron shago mai kai saƙo da kwafe wa mutane hotunansu a filash. Ni gyaran kwamfuta nake yi, kuma bayan ɓarna ta riga ta auku aka kira ni.

Tun da Alhaji ya koma kyamarar dijital hotuna suke taruwa a faifan ajiya na waje, wannan ya cika a sayo wani. Kowane aiki da foldarsa, sunan folda kuwa abin da ya zo bakin mai kwafewa ne a ranar. Hotunan ciki suna ɗauke da sunan da kyamara ta raɗa masu, DSC_0412 da ire-irensa, kuma da yake kyamara tana ƙirgawa zuwa 9999 ne ta koma farko, sai ka iske hotuna daban-daban da suna ɗaya a faifai daban-daban.

Wannan tsari yana tafiya idan biki ake nema. To amma galibi mutum ake nema. Dattijo ya rasu, iyalai suna son hoto mai kyau da za a sa a takardar sanarwar addu'ar arba'in, sai wata ta tuna cewa Alhaji ya ɗauki Baba a auren wance, shekarun baya, yana sanye da farar babbar riga. Folda tambaya ɗaya take amsawa, wato bikin wa. A hoto ɗaya na ɗaurin aure akwai liman, da uban amarya, da sarkin zango, da maƙwabta, amma sunan amarya kaɗai ke kan folda. Sauran duk a cikin kan Alhaji suke. Shi ya san fuska, ya san gida, ya san wanda ya auri wa. Idan yana shago a sami hoton kafin la'asar, idan ya tafi asibiti ganin likitan ido a ce wa Hajiya ta dawo gobe.

Yunƙurin farko

Ɗan ƙanwar Alhaji ya gane matsalar, kuma dabarar da ya kawo daidai take. Ya ce a bar foldoji yadda suke, a riƙa rataya wa kowane hoto alamomi, wato kalmomin da za a neme shi da su. Hoto a folda ɗaya yake zama, amma yana iya ɗaukar alama goma. Yana da MacBook, kwamfutar Apple, ta hannu da ya saya a Tip Toe Lane da ke Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, kuma tsarin Mac yana da wannan hanya tun shekarar 2013, lokacin da aka fitar da OS X Mavericks. Za ka zaɓi fayil a Finder, manhajar da ake duba fayiloli da ita a Mac, ka rubuta masa kalmar da kake so, ko ka sa masa ɗaya daga launuka bakwai. Finder ba shi da taurarin daraja, don haka saurayin ya mai da launuka ma'auni: kore na hoto mai kyau, ja na wanda za a iya sharewa.

Suka shiga aiki. Bayan isha'i, idan layi ya yi sauƙi, Alhaji ya zauna kusa da allo yana kiran sunaye, saurayin yana rubutawa. Watanni suka kwashe a haka. Ina son mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne ainihin dukiyar da ake magana a kai. Danna maɓalli kowa zai iya. Abin da ake zubawa cikin alamomin nan sani ne na mutum ɗaya wanda ya shekara arba'in yana kallon fuskokin Nima da Mamobi ta cikin gilashin kyamara, kuma babu shi a rubuce ko'ina.

Faifan ajiyar duk an tsara su da exFAT, saboda tsarin faifai ne da Mac da Windows duka suke karantawa su rubuta a kai ba tare da ƙarin manhaja ba. Kwamfutar teburin shagon kuwa Windows ce. Tun da wuri sun lura cewa idan aka jona faifan a jikinta alamomin ba sa fitowa, sai suka ɗauka ƙaramin abu ne, in ana son nema a ɗauko Mac.

Yaron shago shi ne ya fi kowa zama a gaban kwamfutar tebur. Ya sha wahala da bairos ɗin nan na filash mai ɓoye foldoji ya bar gajerun hanyoyi na bogi, har ya koyi kunna wurin da ke nuna ɓoyayyun fayiloli. Sai ya fara ganin kusa da hotuna akwai wasu ƙananan fayiloli masu suna iri ɗaya da na hoton, sai dai sun fara da ɗigo da layin ƙasa, kamar ._DSC_0412.JPG. Girmansu bai wuce KB 4 ba, kuma ba sa buɗewa. Wasu masu hotuna ma sun dawo da ƙorafi cewa a filash ɗinsu akwai hotunan da talabijin ta ƙi nunawa. Duk wanda ya san bairos ɗin filash zai yi zaton da yaron ya yi. Ya tattara su a faifai biyu ya share, ya kwashe kwandon shara, yana ganin ya yi wa shago hidima. Aka ci gaba da zuba sababbin bukukuwa a kan faifan. Sai ranar da saurayin ya jona faifai a Mac ya nemi sunan wani malami, allo ya fito fayau.

Inda alama take kwana

Babu na'urar da ta lalace a wannan lamari, kowace ta yi abin da aka gina ta a kai. Abin da mutanen shagon ba su sani ba shi ne, alama tana da wurin kwana iri uku, kuma allon kwamfuta ba ya gaya maka wanne aka zaɓa maka.

Tana iya zama a cikin fayil ɗin kansa, a wani sashe da aka keɓe wa bayanai. Tana iya zama a gefensa, a hannun tsarin faifai. Tana kuma iya zama a rumbun bayanan wata manhaja, kamar kundin manhajar gyaran hoto ta Lightroom, wanda ke riƙe taurari da kalmomi a wurinsa sai in an umarce shi ya rubuta su cikin fayil. Alamomin Finder kashi na biyu ne. A faifan Mac na asali, APFS ko HFS+ da ya gabace shi, akwai gurbin da aka tanadar wa irin waɗannan ƙarin bayanai. A exFAT da FAT32 babu gurbin, sai Mac ta ƙirƙiri ɗan ƙaramin fayil mai ɗigo da layin ƙasa ta zuba su ciki, ta ɓoye shi daga idon mai amfani da ita. Windows ba ta san wannan yarjejeniya ba, fayil take gani kamar kowane fayil. Waɗannan ƙananan fayiloli da yaron ya share, su ne zaman daren da aka yi watanni ana yi.

Da na gama wannan bayani a shagon, Alhaji ya yi shiru, sannan ya juya wajen ɗan ƙanwarsa ya ce, "Ashe a jikin ambulan kuka rubuta sunayen, ba a bayan hoto ba." Saurayin ya ce, "Haka ne, Kawu." Zamanin fim, Alhaji da biro yake rubuta suna da rana a bayan kowane hoto, saboda ya san ambulan yana yagewa. Ban sami bayanin da ya fi wannan ba, kuma a kansa aka gina duk abin da ya biyo baya.

Ba a kori yaron ba, kuma ina ganin an yi adalci. Wanda aka ba shi faifai ba a gaya masa abin da ke ciki ba, bai ci amana ba.

Komawa cikin fayil

Manhajar dawo da abin da aka share ta ceto kaɗan, sauran sababbin hotuna sun hau kansu. Faifai na uku ya tsira saboda yana gidan saurayin a lokacin. Shi muka fara kamawa.

Hoton JPEG yana da ɗakunan bayanai a cikinsa tun da daɗewa. Akwai EXIF, inda kyamara ke rubuta ranar ɗauka da nau'in kyamara da saitin haske. Akwai IPTC, wanda kamfanonin dillancin labarai suka fito da shi don sunan mai hoto da bayanin abin da ke ciki. Akwai XMP, wanda Adobe ta fitar a 2001, ya zama ma'aunin ISO a 2012, kuma a nan ne yawancin manhajoji ke ajiye kalmomin nema da taurari. Windows tun daga Vista, wadda ta fito kasuwa a farkon 2007, ta zaɓi wannan hanya: idan ka buɗe Properties na hoton JPEG ka shiga Details, ka rubuta kalmomi a layin Tags ko ka danna taurari, cikin hoton kansa take rubutawa. Ana raba kalma da kalma da waƙafi mai ɗigo, kuma ana iya zaɓar hotuna ɗari a sa masu alama ɗaya a lokaci guda. Hoton ba ya raguwa, sashen bayanai kaɗai ake taɓawa. Spotlight, mai neman fayil a Mac, kuma yana karanta kalmomin da ke cikin JPEG, don haka abin da aka rubuta a kwamfutar tebur ana samunsa a MacBook.

Don kwashe alamomin faifai na uku mun yi amfani da ExifTool, manhajar kyauta da Phil Harvey ya fara fitarwa a 2003. A kan Mac tana iya karanta alamomin Finder ta kwafe su zuwa XMP na kowane hoto. Mun fara da kwafin folda ɗaya, ba na asali ba, sai da muka ga sakamako sannan aka saki sauran.

Daga nan aka kafa ƙa'idar gwaji wadda har yau shagon ke bi kafin a amince da kowace sabuwar hanya. A sa wa fayil alama, a kwafe shi a filash, a share duk wani ɓoyayyen fayil da ya bi shi, a buɗe a wata kwamfuta. In alamar tana nan, hanyar ta karɓu. Gwajin nan ya nuna iyakar abin. JPEG da TIFF da bidiyon MP4 da takardun Word sun ci. PNG da PDF kuwa Windows ba ta ba da wurin rubuta masu alama, kuma shagon yana da su da yawa, domin katunan gayyata da takardun sanarwa a waɗannan sifofi ake ajiye su. Su sai aka zuba bayaninsu a sunan fayil: shekara, irin taro, gida. Ɗanyen hoton kyamara, irin NEF na Nikon da CR2 na Canon, manhajojin gyaran hoto suna ajiye bayanansa ne a wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da .xmp a gefensa. Wannan ma ambulan ne, sai dai ambulan da ido ke gani. An nuna wa yaron shago shi, an ce masa duk inda ya ga wannan, tare da hoton suke tafiya.

Abu biyu suka biyo baya waɗanda ba a yi tsammani ba. Na farko, rubuta alama cikin fayil yana canza ranar da aka taɓa shi, kuma Alhaji ya saba jera hotuna da wannan rana. Sai ga auren shekara goma baya ya hau sama kamar na jiya. Aka sauya jeri zuwa ranar ɗauka, wadda ke cikin EXIF ba ta motsi. Na biyu, nema a faifan waje yana jan lokaci, saboda Windows tana bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya idan wurin ba ya cikin jerin wuraren da take yi wa fihirisa. Aka sayo babban faifai aka ɗaura a cikin kwamfutar tebur, aka tara komai a kansa, aka sa shi cikin fihirisa. Faifan waje suka koma ajiyar ko-ta-kwana. Yanzu a rubuta tags: da kalmar da ake so a akwatin nema, kafin Hajiya ta gyara mayafi hotuna sun fito.

Gardamar taurari

A nan ne aka fi daɗewa, kuma a nan na fi ƙaruwa. Taurari biyar ne, kowa ya ɗauka ya san ma'anarsu, har sai da aka zauna rabawa.

Saurayin da idon mai gyaran hoto yake kallo. Haske ya zauna, fuska ta fito tas, babu wanda ya rufe ido, to biyar. Ya ba wani hoto tauraro ɗaya saboda ya yi duhu kuma hannun wani ya shigo ta gefe. Alhaji ya leƙa ya ce a tsaya. Mutumin da ke tsakiyar hoton wani malamin makarantar allo ne da ya rasu, wanda bai yarda a ɗauke shi hoto ba duk rayuwarsa, wannan ma a taron suna aka same shi bai ankara ba. A sanin Alhaji babu wani hotonsa a ko'ina. "Wannan ka ba ɗaya? Wannan in shagon nan zai ƙone, shi zan fara ɗauka." Saurayin ya ce, "Kawu, ai ba zai yiwu a buga shi babba ba." Dukansu gaskiya suka faɗa, tambayoyi biyu daban suke amsawa da ma'auni ɗaya.

Haɗarin a fili yake. Wata rana faifai zai cika, wani zai jera hotuna da taurari ya share na ƙasa. In tauraro yana auna kyau ne kawai, hoton malamin nan zai tafi a sahun farko.

Shawarar da na bayar, kuma suka ɗauka bayan ja-in-ja, ita ce tauraro ya daina zama yabo, ya zama umarni. Ɗaya: an duba, ana iya sharewa. Uku: wannan yana cikin waɗanda aka ba mai biki. Biyar: ba a sharewa ko da wane dalili, kuma dole ya kasance a faifai biyu, ɗaya ba a shago ba. Hoton da ba shi da tauraro ko ɗaya, ba a duba shi ba tukuna. Biyu da huɗu aka bar su babu aiki, domin duk lokacin da aka buɗe su sai a koma muhawarar wanne ya ɗara wanne. Kyawun hoto kuwa ya koma alama ta kalma, "talla", ga waɗanda za a iya liƙawa a baranda don jawo masu ciniki. Kuma Alhaji kaɗai ke da ikon ba da ɗaya. Kowa na iya ɗaga hoto zuwa biyar, mutum ɗaya ne ke iya saukar da shi.

Ina ganin duk wurin da mutum fiye da ɗaya ke taɓa fayiloli yana buƙatar irin wannan zama. Manhaja ta ba ka taurari, ba ta ba ka ma'anarsu ba, kuma fayil ba ya rubuta wanda ya danna.

Littafin kalmomi

Alamomin da aka ceto daga faifai na uku sun tona wata matsala. Taro iri ɗaya an rubuta shi hanya huɗu: aure, awure, ɗaurin aure, da kalmar Turanci. Haka rayuwar zango take, yaro ya tashi da Hausa a gida, Turanci a makaranta, Larabci a makarantar da ake zuwa da yamma, Twi ko Ga a kasuwa, kuma kaɗan ne suka koyi rubuta Hausa da ƙa'ida. Sunaye sun fi muni. Muhammad, Mohammed da Mahama na iya zama mutum ɗaya, Fati kuwa a layi ɗaya sai a sami biyar. Kwamfuta ba ta san waɗanne ne ɗaya ba. Haruffa masu ƙugiya ma sun kawo nasu, domin ɗ da d haruffa biyu ne daban a wurinta, kuma allon rubutun shagon ba shi da su. Ni mai son a rubuta Hausa daidai ne, amma a nan na goyi bayan a ajiye ƙugiya a alamomi, saboda alamar da yaron shago ba zai iya bugawa ba ba ta da amfani.

Aka sayo littafi mai kauri aka rubuta kalmomin da aka yarda da su. Irin taro bai kai kalma ashirin ba. Unguwa: Nima, Mamobi, Newtown, Fadama, Sabon Zango, Madina. Sai gida, domin a zango da gida ake gane mutum kafin sunansa. Sai sunan mutum haɗe da laƙabin da aka san shi da shi. Ba a ƙara sabuwar kalma a kwamfuta sai an fara rubuta ta a littafi.

Shekara ma sai da ta zama alama, duk da cewa kyamara tana rubuta rana. Tsohuwar kyamarar Alhaji agogonta kan koma farko idan batir ya mutu aka daɗe ba a caja ba, abin da ya yawaita a shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, don haka akwai bukukuwan da EXIF ke cewa an yi su tun kafin a ƙera kyamarar. Masu zuwa nema kuma ba da lamba suke tuna shekara ba. Za su ce shekarar ambaliya da gobarar Circle, wato 2015. Ko shekarar da Limamin Ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya cika shekara ɗari, wato 2019. Ko shekarar korona, 2020, ko wadda aka buɗe Masallacin Ƙasa na Kanda, 2021. A shafin ƙarshe na littafin an jera waɗannan da lambobinsu, don wanda ke gaban kwamfuta ya juya maganar mai nema zuwa abin da zai buga.

Abin da ba a rubutawa

Alamar da ke cikin fayil tana bin sa duk inda ya je, kuma wannan alheri yana da kaifi. Cikin tsofaffin alamomin saurayin akwai "bai biya ba", akwai "sun rabu". Lokacin da suke gefen fayil a Mac, shi kaɗai ke ganinsu. Da muka kwashe su zuwa XMP sai suka shiga jikin hoton. Mun ankara ne wajen gwajin filash, kafin ko ɗaya ya fita daga shago. Ka ƙaddara ɗan mai biki a Jamus ya buɗe bayanan hoton auren ƙanwarsa ya ga an rubuta ubansa bai biya ba.

Hanyar aikawa ma tana da tasiri. Idan aka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, ana matse shi kuma bayanan ciki suna zubewa. Idan aka tura shi a matsayin takarda, yadda masu hoto ke yi don kada ingancinsa ya ragu, komai na ciki yana isa, har da wurin da aka ɗauka in da waya mai GPS aka ɗauka. Ghana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, Act 843, kuma fuska haɗe da suna da unguwa da gida bayanin mutum ne. Ko babu doka, sirrin gidajen mutane amana ce a hannun mai hoto, shi da ake bari ya shiga har ɗakin amarya.

Aka goge waɗannan kalmomi gaba ɗaya. Bashi ya koma littafin bashi. Ƙa'idar ita ce kada a rubuta a alama abin da ba za a iya faɗa a gaban mai hoton ba. Hoton da zai fita zuwa wani wanda ba mai bikin ba, kamar mai buga takardar sanarwa, ana fara yi masa kwafi marar bayanai. A ƙasan shafin Details akwai wurin da Windows ke yin wannan, ta bar na asali yadda yake.

Inda aka tsaya

Faifai biyun da aka share wa alamomi ana sake bin su, amma ba daga farko zuwa ƙarshe ba. Alhaji ya ce a fara da tsofaffin bukukuwa, inda dattawan ciki suka fi yawa kuma masu gane su suka fi ƙaranci. Sabon aiki kuwa ana sa masa irin taro, unguwa, gida da shekara a ranar da aka kwafe shi daga memori, kafin a mayar da memorin cikin kyamara. Wannan ba ya cin lokaci tunda a dunƙule ake yi. Sunayen mutane ɗaya-ɗaya su ne ke jiran Alhaji.

Bidiyo har yanzu matsala ce. Alama ɗaya ce ga fayil na awa biyu, ba ta gaya maka a wane minti liman ya yi addu'a. Akwai kuma akwatunan fim na da, waɗanda ba a ko fara ɗaukarsu zuwa kwamfuta ba.

Sai maganar kwamfutar tebur kanta. Windows 10 take ɗauke da ita, wadda Microsoft ta daina tallafa wa a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma injin ya tsufa da ɗaukar Windows 11. Saurayin yana son a sa mata tsarin Linux a maimakon Windows. Na gaya masa abin da zai kula da shi: Dolphin, ɗaya daga masu sarrafa fayiloli a Linux, yana da alamomi da taurari masu kyan gani, amma a gefen fayil yake ajiye su, a hannun tsarin faifai, kuma filash mai FAT32 ko exFAT ba ya ɗaukarsu. In za su koma can, da manhajar tsara hotuna ta digiKam za su riƙa sa alama, bayan an saita ta ta riƙa rubutawa cikin hoto. Tana karanta XMP, don haka kalmomi da taurarin da aka riga aka sa za su fito mata. Alhaji ya ce ba za a taɓa kwamfutar ba sai bayan Babbar Sallah, kuma sai an yi gwajin filash a gabansa da folda ɗaya.